Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Falken Da Ya Sauke Jaki Ya Hau Jirgin Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga hanyoyi a cikinta, domin bayinsa su yi tafiya su nemi falalarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai da fatake na ƙasar Bodinga da Shagari da kewayensu, ga tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa. Mutumin Kano ne, amma labarinsa ya shafe ku, domin a zamaninsa ne hanyar arziki ta kauce daga ƙofar gidajenku ta koma wani wuri. Shi kuwa yana cikin mutanen farko da suka ga ta kauce, suka bi ta.

Fasali a kan tsohuwar hanya

Ku sani hanyar nan da ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal ta faɗa Jega, tsohuwar hanya ce mai daraja. A bakinta Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. A zamanin Daular Usmaniyya kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin Gwanja ta nan ta biyo. Ayari ya kan taso da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da dabbobi, ya haye Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu har Salaga, sa'an nan ya komo da goro.

Ayarin nan yana da tsari. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, akwai kuma malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Jakuna da takarkarai da alfadarai su ne ke ɗaukar kaya, tare da 'yan alaro. Kowane sarki a kan hanya yana da fito da gaisuwa da za a ba shi. Goro kuwa ba ya jure sakaci. Dole a riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Jama'a uku ne suka shahara da wannan fatauci, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda babban mazauninsu ya ke Gummi.

Fasali a kan haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877, wadda ta yi daidai da 1294 ta Hijira. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, madugu ɗan madugu, domin kakansa Baba Talatin falke ne da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifiyarsa, wadda a ke kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Bayan an raba gado mahaifiyar ta tafi Ankara ta bakin teku, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Sunan wannan baiwar Allah shi ne ya bi shi har kabari, shi ne kuma ya bi zuriyarsa har yau. Ku duba yadda Allah ke ɗaukaka wanda ya so: ga sarakuna da yawa na wancan zamani an manta da su, ga Tata kuwa sunanta yana bakin kowa saboda riƙon maraya.

Aka sa shi makarantar allo a Bebeji. Ɗan abin da ya gada bai daɗe ba ya ƙare, sai ya zama yana karatu yana neman abin da zai ci da hannunsa, kamar yadda almajirai su ke yi. A nan ya koyi tattali da ajiya, halin da bai rabu da shi ba har ya zama attajiri.

Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji, ya yi ta sayarwa a hanya har ya isa Ankara. Mahaifiyar ba ta bar shi ya miƙe ƙafa a gida ba, sai ta kai shi wurin wani malami ya zauna yana karatu yana yi masa hidima, har lokacin komawa ya yi. Amma idonsa ya riga ya ga abin da yawancin fataken Hausa ba su gani ba, watau teku, da jiragen ruwa masu hayaƙi suna ɗaukar kayan da jakuna dubu ba za su ɗauka ba.

Yana komowa sai ga Basasa. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuma suka ƙi, suka fita tare da Yusufu. Da Yusufawa suka yi rinjaye a ƙarƙashin Aliyu Babba, mutanen da a ke zargi da bin Tukur suka sha wuya, aka kama da yawa daga cikin Agalawa, aka ƙwace dukiyarsu. Alhassan yana cikin waɗanda aka kama. Allah ya sa ya fanshi kansa, ya sake ɗaura ɗamarar fatauci daga tushe.

Fasali a kan yadda hanya ta juya

A cikin shekarun nan ne tsohuwar hanya ta fara rauni daga can ƙarshenta. Tun 1874 Turawan Ingila suka karya ƙarfin Asante, waɗanda goro ke fitowa daga ƙasarsu. A 1892 yaƙin gida ya watsa Salaga, 'yan kasuwarta suka warwatsu zuwa wasu garuruwa. A 1903 aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi ta bakin teku zuwa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro. A cikin wannan shekara kuma Nasara suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, cikin Zulhajji na 1320.

To, Alhassan sai ya yi lissafi. Goron da a ke ɗorawa jaki a Gwanja a yi watanni ana lallaɓa shi cikin daji, ana iya saukar da shi bakin teku, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Tun wajen 1906 ya riƙa bin wannan hanya, tsakanin Kumasi da Sekondi da Ankara da Ikko, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. A lokacin da abokan sana'arsa ke juyi ɗaya a shekara, shi yana yin da dama. Goronsa yana isa da ɗanyantakarsa, asara kaɗan, babu fito, babu mahara.

Saura abu guda, watau yadda kaya za su hau daga Ikko zuwa ƙasar Hausa. Wannan kuwa jirgin ƙasa ne ya warware shi. An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya isa Jebba a bakin Kwara a 1909. A Arewa kuwa jirgi na farko ɗan ƙarami ne, wanda Gwamna Lugga ya sa aka yi a 1901 domin jan kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru, inda hedkwatarsa ta ke. Magajinsa Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne, shi ya fara babban aiki a 1907 daga Baro, wani ɗan gari a gaɓar Kwara. Da jiragen ruwa a ke kawo ƙarafa Baro lokacin da kogi ya cika, daga nan a yi ta shimfiɗawa arewa, mil 356 har Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, watau 1330, bayan an haɗa shi da na Ikko a Minna.

Wani abin mamaki na wancan zamani shi ne, kafin a gama gadar Jebba, jirgin ƙasa da kansa fito a ke yi da shi. In ya iso bakin Kwara sai a raba taragunsa, a tura su cikin wani babban jirgin ruwa mai dogo a bisansa, a haye da su, a sake haɗawa a wancan ƙetare. An kuma yi wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957.

Kada kuma a manta da waɗanda suka yi aikin. Talakawa ne aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna da hakimai, ƙauye ƙauye, ana kai su aikin diga, da yawansu ba da son ransu ba. Da kwando da diga da gumin bayin Allah aka yi tudun da jirgi ke gudu a kai. Allah ya jiƙansu.

Fasali a kan gyaɗa

A shekarar da aka buɗe dogo Alhassan ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a wajen Sarari da Koki. Turawa sun ja dogon nan ne da begen auduga, domin masaƙun ƙasarsu. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafi. Audugarsa masaƙan gida suna saye da daraja, gyaɗa kuwa ba ta da wuyar noma, in ciniki ya ƙi ana iya cinye ta, ga kuma Turai tana neman manta ido rufe domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Sai gyaɗa ta yi ambaliya. A 1913 kaɗai an fitar da fiye da tan 19,000, har tasha ta rasa taragun ɗauka.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a kusa da tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fataken goro su ne suka san wannan. Saboda haka suka nemi irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su zama dillalansu. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan. Ya ɗauko tsarin da ya gada daga ayari ya ɗora a kan gyaɗa: yana ba yaransa jari da tufafi da gishiri su shiga ƙauyuka tun kafin kaka, manomi ya karɓa ya yi alkawari, in an cire gyaɗa a loda wa jakuna da raƙuma zuwa tasha. Jaki bai mutu ba ashe, tafiyarsa ce ta gajarta. Da can Gwanja ya ke zuwa, yanzu iyakarsa bakin dogo.

Kafin 1922 an san shi a kan shi ne mafi dukiya cikin 'yan kasuwar Kano. Da aka haɗa kamfanoni aka yi U.A.C. a 1929, ya zama babban mai saya musu. Bai saki goro ba, yana kuma cinikin shanu da tufafi da duwatsun ado da hatsi, jirgi yana sauka da wani kaya yana hawowa da wani. A 1929 ɗin ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 reshen Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano. Saboda tsoron riba bai karɓi ruwa a kan ajiyarsa ba.

Dalar gyaɗa da Kano ta shahara da ita, wadda mutane ke danganta farkonta gare shi, ita ma 'yar jirgin ƙasa ce. Dogo guda ne siriri, gyaɗa kuwa ta fi ƙarfinsa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a jera buhuna a tayar da su sama, dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000, a rufe da tamfol tana jiran tarago. Baƙo yana ganinta yana sha'awar yawan arziki, ɗan kasuwa kuwa yana ganin kuɗinsa ne a tsaye rana tana dukansu.

Fasali a kan hajjinsa da halayensa

Mutanen dā in za su hajji da ƙafa su ke tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. A kan yi shekaru, ana tafiya ana tsayawa noma, da yawa kuma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. A farkon shekarun 1920 Alhassan ya yi hajji ta sabuwar hanya: jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can zuwa Jidda. Ta wannan hanya Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921. Mutum ya nufi gabas amma ya fara da yin kudu, sa'an nan arewa, kuma ya riga mai miƙewa gabas isa da shekaru. Bayan ya komo ya riƙa biya wa mutane kuɗin hajji. Ɗansa Mahmudu kuma ya kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma a 1948, wadda ta riƙa kai su da motoci, har sunanta WAPA ya zama sunan wani wuri a Fagge.

Alhassan Baƙadire ne. Duk da dukiyarsa an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, da sammako wurin aiki, da duba lissafi da kansa. Yana da makarantar Alƙur'ani a gidansa, yana ciyar da almajirai da matalauta, yana fitar da zakka. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna cikin majalisar Sarkin Kano yana ba da shawara a kan sha'anin ciniki.

Da ciwon ajali ya kama shi sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su watsa kasuwancin gidan, su riƙe zumunci da bayin Allah da suka yi masa hidima. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen Zulhajji na 1374, aka rufe shi a gidansa na Sarari. Cikin 'ya'yansa akwai Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka rufe shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen Sanusi.

Fasali a kan rabon ƙasar Sakkwato

To, mu komo gida. Jirgin da ya ɗaukaka Kano bai iso Sakkwato ba. Reshen da aka ja daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. An kai dogo Nguru a 1930, an kai Maiduguri a 1964, amma birnin Shehu har yanzu bai ji kukan jirgi ba. Goron da dā ke shigowa ta Jega sai ya koma shigowa ta Zariya da Kano. Fatar jar akuya, wadda dā ke ƙetare Sahara, sai ta koma bin mota zuwa Gusau ta jira tarago. Gusau da Ƙaura suka cika da kantuna da baƙi, zangunan yamma kuwa suka yi sanyi, har sai da zamanin manyan motoci ya zo ya mai da wa hanyar Jega wani abu na ƙarfinta. Mutanen Bodinga da Shagari ba su yi wani laifi ba, ba su kuma rage ƙwazo ba. An ja layi ne a takarda a wani ofis mai nisa, arziki ya bi layin.

Yau ma ana sake jan layuka. An buɗe sabon dogo mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021. A 2021 kuma aka aza harsashin wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. A wasu ƙasashen Musulmi abin ya wuce nan. A 2018 Maroko ta buɗe jirgi mai gudun kilomita 320 a sa'a guda. A 2018 ɗin kuma aka buɗe jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina, tafiyar kilomita wajen 450, wadda raƙumi ke yi cikin kwana goma ko fiye, yanzu alhaji na yin ta ƙasa da sa'a uku. Alhazanmu da yawa sun hau shi sun gani da idonsu. Malamai kuwa sun san ayar Suratun Nahli da ta ambaci dabbobin hawa, da abin da masu tafsiri na baya suka fahimta daga ƙarshenta game da ababan hawa da za su zo.

Abin da za mu ɗauka daga rayuwar wannan bawan Allah kashi uku ne. Na farko, falke ya riƙa sauraron labarin hanya kamar yadda manomi ke duban hadari. Alhassan ɗan madugu ne jikan madugu, ba wanda ya fi shi dalilin riƙe tsohuwar hanya, amma da ya ga ta juya bai tsaya jayayya da ita ba. Na biyu, abin da ya kai shi gaba a sabuwar hanya shi ne abin da ya koya a tsohuwa da kuma a makarantar allo, watau cika alkawari, da sanin mutane, da tsare lissafi, da gudun haram. Kamfanonin Turawa suna da jirgi da banki, duk da haka sai da suka nemi mai amana. Na uku, jama'ar da ba ta yi magana ba lokacin da a ke jan layi, za ta yi shekara ɗari tana kai kayanta tashar wasu. Ya kamata malamai da 'yan kasuwa da sarakunan wannan yanki su haɗa baki su riƙa tuna wa wakilansu da hukuma maganar dogon Sakkwato, su kuma tanadi abin da za su ɗora masa in ya zo, na albasa da shinkafa da fatu da dabbobi, domin jirgi ba ya zuwa inda babu kaya.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya jiƙan madugai da 'yan alaro da 'yan diga da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba mu arziki na halal, ya tsare matafiya a tudu da ruwa da sama, ya sa mu cika da imani. Amin.